Mazari: yaron da bulala ta kasa zaunarwa

Malamai ne suka laƙaba masa Mazari, kuma da wannan suna zan kira shi a nan don in rufa wa gidansu asiri. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya san inda sunan ya fito. Da ta murza shi sai juyi, ba ya tsayawa sai ta kama shi da hannu.

Makarantarmu firamare ce ta ƙauye a Jigawa, a bakin fadamar kogin Haɗeja, tsakanin Ringim da Taura. Ni ne hedimasta. Ajujuwa shida, malamai biyar har da ni da malamin Arabiyya. A shekarar da nake magana, wato wadda ta biyo bayan ambaliyar 2022, aji uku yara 84 ne a rajista, ko da yake ranar da suka cika sosai ba su fi sittin da 'yan kai ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Mu dai a takarda muke ganin wannan.

Shekarar Mazari tara a lokacin. Siriri ne, idanunsa tar, kuma ba daƙiƙi ba ne, wannan kowa ya shaida. Idan aka yi tambaya da baki shi ne farkon amsawa, sau da yawa tun Malama ba ta kai ƙarshen tambayar ba. Amma bari in ba da labarin safiya ɗaya da na tsaya a bayan aji ina kallo. Malama ta rubuta jimla biyar a allo ta ce a kwafa. Mazari ya rubuta kwanan wata. Bakin fensirinsa ya karye, ya tashi neman reza a layi na uku. A hanya ya ga ƙadangare a taga, ya tsaya yana gyaɗa masa kai kamar yadda shi ma yake yi. Aka daka masa tsawa ya dawo, ba rezar. Ya karɓe fensirin na kusa da shi, faɗa ya tashi. Da aka raba, ya rubuta kalma biyu, ya jiyo ƙarar babur a waje, ya miƙe tsaye a kan benci. Lokacin da aka kaɗa ƙararrawar tara, abin da ke littafinsa kwanan wata ne da rabin jimla.

Abin da muka sani mu yi shi ne abin da aka yi mana. Kamun kunne, tsallen kwaɗo, durƙuso a rana, tsumagiya. Da wuya mako ya fita ban dake shi da hannuna ba, kuma ba na faɗin haka da alfahari. Muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai akwai abin da ya riƙa damuna. Yaro mai taurin kai idan ka dake shi yakan haɗe rai, ya ƙi kallonka, ya yi kwana biyu yana gaba da kai. Wannan kuwa zai yi kuka, ya rantse ba zai sake ba, ka ga har zuciyarsa yake nufi, minti goma bayan nan ya sake, sannan ya zo yana yi maka dariya kamar ba kai ka dake shi ba. Wata rana na gaji na ce, "Kai wai me ya sa ba ka jin magana?" Ya ce, "Malam, ina ji. Mantawa nake yi." Na ɗauke ta a matsayin rashin kunya, na ƙara masa biyu.

Abin ya kai maƙura a tsakiyar zangon farko. Akuya ta shigo harabar makaranta, Mazari ya dira ta taga ya wurga mata dutse, dutsen ya sami wata yarinya 'yar aji ɗaya a goshi, sai da aka yi mata ɗinki. Uban yarinyar ya zo da zafinsa, kuma yana da gaskiya. A taron malamai mutum uku suka ce a sallame shi kowa ya huta. Na tuna musu cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara a kan kowane yaro, ba ta ware masu ƙiriniya ba, amma a raina ni ma na gaji. Malamar ajinsa ce ta hana. Yarinya ce a cikinmu, ba ta daɗe da gama Kwalejin Ilimi ta Gumel ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa ƙarshen shekara. Amma da sharaɗin kowa ya ɗauke masa bulala, har kai." Ta ce a darasin ilimin yara masu buƙata ta musamman an taɓa yi musu bayanin irin wannan yaro, kuma tana so mu fara bincikawa kafin mu yanke hukunci. Na amince ne don ba ni da wata dabarar.

Abin da muka gano a wajen makaranta

Mun fara da gida. Mazari ɗan fari ne, saboda haka uwarsa ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna ta yi mana bayaninsa. Kakarsa ta wajen uba ce ke riƙe da shi. Na gaishe ta na ce, "Iya, yaya yake a gida?" Ta yi dariya ta ce, "Malam, ka aike shi gishiri da daddawa da ashana, ya dawo maka da ashana, canjin ma ya baro shi wurin mai tebur. Tuwo a tsaye yake ci. Tun yana rarrafe sai na ɗaure ƙafarsa da zane a jikin gado in zan yi salla." Sun yi rubutu, sun yi tofi, an yi hayaƙi don ana zaton iska ce. Uban kuma wani mai kemis ya taɓa ba shi maganin mura mai sa barci ya ce a riƙa ba yaron da safe. Kwana uku yana layi kamar kazar da aka jiƙa, kakar ta zubar da sauran.

Sai ta faɗi maganar da ta tsaya mini a rai. Ta ce ubansa ma haka ya yi, aji huɗu ya gudu daga boko, har yau kuma ba ya iya zama wuri ɗaya, Lahadi yana kasuwar Gujungu, Alhamis yana Maigatari. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji ta.

Daga nan muka je wurin alaramman da yake karatun allo. Na tafi da zaton zan ji ƙorafi iri ɗaya. Na ji rabinsa. Alaramma ya ce yaron yana tsokana, yana ɓatar da alƙalami, kuma idan aka zauna doguwar tilawa ba ya kai rabi. Amma wajen ƙari ba shi da na biyu a sa'anninsa, ya haura izu biyar. Na zauna na kalli yadda abin yake, kuma na ga abin da shekara ashirin ina wucewa ban lura da shi ba. A makarantar allo yaro yana karatu da ƙarfi, da bakinsa. Yana rangaji gaba da baya, ba wanda zai ce masa ya daina motsi. Abin da aka rubuta masa ɗan kaɗan ne, aya biyu ko uku. Da ya iya sai ya tashi ya je ya biya wa malam, nan take a ce ya wanke ko ya koma. Ya je ya wanke allo, ya shanya, ya dawo a yi sabon rubutu. Aiki gajere, jiki yana motsi, sakamako a hannu. Mu kuwa muna so ya zauna shiru minti arba'in yana kwafar abin da ba za a duba ba sai gobe, in ma an duba.

Wuri na uku Malama ce ta gano shi. Akwai wani mai gyaran injin ban-ruwa a bakin fadama. Ta tarar da Mazari a tsugune gabansa, an kwance inji, yana jera kusoshi bisa tsari a kan buhu, yana miƙa sifana tun ba a tambaya ba. Ta ce ta fi awa a tsaye bai ɗago kai ya gan ta ba. Da ta faɗa a ofis sai wani malami ya ce, "To kun gani, iskanci ne. In ya ga dama yana natsuwa." Wannan magana ita ce ta fi kowace wuyar amsawa, kuma sai daga baya muka sami amsarta.

Asibiti

Kafin a kai ga ƙwaƙwalwa, malamin asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu ya ce a fara duba jiki, kuma ya yi daidai. A ƙauye abubuwa da yawa kan hana yaro natsuwa a aji: yunwa, ƙarancin jini, ciwon kunne mai rage ji, rashin gani sosai, rashin isasshen barci, da wata irin farfaɗiya da yaro kan yi ɗif na 'yan daƙiƙu ba tare da ya faɗi ba. Yaron da ya taɓa yin zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa shi ma yakan fito da irin waɗannan alamu. Kunnen Mazari da idonsa lafiya lau. Amma an same shi da tsargiya, abin da ba baƙo ba ne ga yaran da ke wanka a fadama, jininsa kuma ya yi ƙasa. Aka ba shi maganin tsargiya da na ƙarin jini. Bayan wata guda ya yi ƙiba, ya daina hamma da hantsi. Ƙiriniya kuwa sai ma abin da ya ƙaru, don yanzu ya sami ƙarfi.

Sai aka rubuta mana takardar zuwa Kano, domin likitocin da suka ƙware a halayyar yara sai a manyan asibitoci ake samunsu, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kakar ta sayar da ɗan akuya a Gujungu, kwamitin iyaye da ke kula da makaranta ya cika kuɗin mota. Sau biyu muka je, ni da uban da yaron. A zuwan farko likitar ta yi mana tambayoyi masu yawa, ta ba mu takardu biyu masu jerin halaye, ɗaya Malama ta cike, ɗaya na karanta wa kakar ina cikewa da amsarta. A zuwa na biyu ta ce abin da ke damunsa shi ne wanda ake taƙaita sunansa da ADHD, wato ƙarancin tattara hankali haɗe da yawan motsi da gaggawar aikata abu kafin tunani.

Ga abin da na fahimta daga bayaninta da kuma karatun da na yi bayan nan. Ba sabon abu ba ne, tun 1902 wani likitan yara a Ingila, George Still, ya yi bayanin yara masu irin wannan hali. Idan aka haɗa binciken ƙasashe daban-daban, kusan yara biyar cikin ɗari suna da shi, ke nan ajin da ke da yara tamanin bai kamata ya yi mamakin samun uku ko huɗu ba. Gado yana da babban kaso a ciki, fiye da kashi saba'in cikin ɗari a binciken da aka yi kan tagwaye, don haka maganar kakar ta barewa ba ta faɗi ƙasa ba. Haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyi lokacin haihuwa da gubar dalma suna ƙara yiwuwarsa. Ba a gane shi da awon jini ko hoton kai. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ta ce sai alamun sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, sun bayyana a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da rayuwar yaron. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci, don kada kowane yaro mai kazar-kazar a ce yana da ciwo.

Na yi mata tambayar malamin nan ta injin ban-ruwa. Ta ce ai hankalin yana nan, juya shi ne ke yi wa yaron wuya. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ke sa mutum ya jira, ya riƙe umarni a ka, ya daure wa aikin da ba ya masa daɗi, kuma a irin waɗannan yara wannan sashe yana jinkirin nuna. Abin da ke burge su, ko mai sakamako nan take, yakan kama hankalinsu ya riƙe har su manta da abinci. Abin da sakamakonsa ke nesa kuwa sai ya zame. Ni dai na fassara wa uban da cewa doki ne mai ƙarfi, linzamin ne bai gama ƙwari ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, to ni ma ke nan."

Ta yi maganar magani. Akwai shi, wanda aka fi sani sunansa metilfenidet, kuma yana taimaka wa yara da yawa. Amma yana cikin magungunan da hukuma ke sa wa ido, ba a samunsa a kemis ɗin ƙauye, yana iya rage cin abinci da barci, kuma dole likita ya riƙa ganin yaron yana auna nauyinsa. Uban ya lissafa kuɗin mota da na magani kowane wata ya ce ba zai iya ba. Likitar ba ta matsa ba. Ta ce jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa koyar da iyaye da gyaran yanayin aji a gaba, mu je mu yi wannan da gaske.

Abin da aka yi a aji

Malama ta fara da wurin zama, kuma karon farko mun yi kuskure. Mun sa shi a gaba kusa da ƙofa don ta riƙa ganinsa, sai ya zama duk wanda ya gifta a waje sai ya gaishe shi. Aka mayar da shi gaba ta ɓangaren bango, nesa da taga, tsakanin bango da wani yaro mai sanyin hali wanda ba ya biye masa. Na biyu, ni na ba da shawarar a naɗa shi monita, wai ko girma zai sa ya natsu. Kwana huɗu ya yi a kan mulki, ya mari yara uku, aka tuɓe shi. Ba a ba mai gaggawa sanda.

Abin da ya yi aiki shi ne wanda Malama ta kwaikwayo daga makarantar allo. Ta daina ce masa ya kwafi jimla biyar. Sai ta ja layi da alli a ƙarƙashin ta biyu ta ce, "Rubuta zuwa nan ka kawo mini." Ya rubuta, ya taso, ta sa masa maki da jan biro a gabansa, ya koma ya yi biyu na gaba. Tashin nan da a da laifi ne ya zama cikin aikin. Umarni kuma ɗaya-ɗaya take ba shi, tana tsaye kusa da shi, ta ce ya maimaita mata abin da ta ce. Lissafi ta bar shi ya yi da tsakuwa yana ƙirgawa da baki a hankali. Idan ta ga ƙafarsa ta fara kaɗawa, ta san saura kaɗan, sai ta aike shi tun bai fashe ba: goge allo, raba littattafai, kai rajista ofis. Kaɗa ƙararrawar tara da ta tashi ma aka bar masa, kuma abin dariya, yaron da ke manta komai bai taɓa manta wannan ba. Ya kan leƙo ofis ya duba agogon bango har ya koyi karanta lokaci kafin sauran 'yan ajin.

Sun kuma yi wata yarjejeniya tsakaninsu. Maimakon ta kira sunansa da tsawa a gaban yara sau ashirin a rana, sai ta wuce ta ƙwanƙwasa bencinsa sau biyu da yatsa, ba ta ko kalle shi. Ya san ma'anarta. Ta ce mini yaron da ake kiran sunansa don laifi kullum, ƙarshe shi da ajin duka sukan yarda cewa shi ne mai laifin aji, ya ci gaba da riƙe muƙaminsa. Ta roƙi malamai a daina kiransa Mazari a gabansa. Wasu sun daina. Sannan ta hana a tsare shi a aji lokacin tara a matsayin horo, domin ranar da bai yi gudu ya gaji ba, darasin bayan tara ba mai shan daɗinsa.

Sai katin gida. Ta yanki kwalin taliya ta zana da'ira uku a jere na kowace rana. Ta farko, ya gama aikin farko na safe. Ta biyu, ya ɗaga hannu kafin ya yi magana, ko da ba kowane lokaci ba. Ta uku, bai taɓa kowa ba. Wadda ya cika sai ta cike ta da jan biro, wadda bai cika ba ta bar ta fara. Kakar ba ta karatun boko, amma tana ganin ja da fari. Sharaɗin shi ne ranar da ya kawo ja biyu, bayan la'asar ya tafi wurin mai gyaran inji. Ranar da bai kawo ba, ba duka, ba zagi, zuwa fadama ne kawai babu, gobe kuma sabon lissafi. Da farko na ce me ya sa ba ja uku ba. Malama ta ce in aka sa abin inda hannunsa ba ya kaiwa, kwana biyu zai jefar da katin. Sati na farko sau biyu kawai ya samu. Kakar ta ce ranar farko da ya kawo ja uku tun daga zaure yake ihu.

Fensiri kuwa kakar ce ta magance shi. Ta murza zare mai kauri ta ɗaure fensirin a jikin littafin, ta ɗaure littafin a jakar buhu. Ya ci gaba da ɓatar da takalmi da hula, amma fensiri ya zauna.

Ba a rasa gunaguni ba. Yara suka fara cewa Malama ta fi son Mazari, wani uba ya zo ya tambaye ni ko sai ɗansa ya fasa kan wani sannan za a ba shi ƙararrawa. Ban ga laifinsa ba. Malama ta warware wannan ta hanyar faɗaɗa abin: goge allo da raba littafi suka zama na karɓa-karɓa, jan layi a ƙarƙashin jimla ta biyu ya zama na kowa, layi-layi suke kawowa, kuma a tsakiyar kowane darasi duk aji kan miƙe a yi waƙar ƙirga da tafi na minti biyu. Wahalar ta ƙaru a kanta, duba littafi sittin sau biyu a darasi ba wasa ba ne, sai da ta riƙa sa manyan 'yan aji shida biyu suna taya ta. Malaman da suka so a kore shi har yau ɗayansu yana cewa shagwaɓa ce.

Zuwa ƙarshen zango na uku Mazari yana gama kwafi a yawancin ranaku. Ya tashi daga haɗa baƙi da wasali zuwa karanta ɗan gajeren labari na Hausa, yana tsallake layi in ba a sa masa kara a ƙarƙashi ba. A jarrabawa Malama ta raba masa takardar gida biyu da hutu a tsakani, ya fito a tsakiyar aji, shi da a da yake cikin goman ƙarshe. Faɗa ya ragu ƙwarai. Katsalandan a magana bai ragu sosai ba, kuma ba na jin zai ragu nan kusa. Tun daga taron malaman nan ban taɓa shi da bulala ba, na kuma lura hannuna ya yi sanyi a kan sauran yaran ma.

Komawa baya

A aji huɗu abin ya rushe cikin mako uku. An dawo daga dogon hutu, lokacin korar jan-baki a gonakin shinkafa ya zo yana fashi, Malama kuma ta tafi hutun haihuwa. Malamin da ya karɓi ajin mutumin kirki ne, amma bai yarda da kati ba, ni kuma na yi sakaci ban zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla ba, na ɗauka ya gani da idonsa. Ya mayar da yaron baya kusa da taga saboda ya yi tsawo. Bulala ta dawo. Wata safiya kakar ta zo ofis da tsohon kwalin a hannu ta ce, "Malam, an daina ba mu jan ne?" Kunya ta kama ni.

Daga nan na rubuta duk abin da ke yi masa aiki da wanda ba ya yi a takarda guda, na manna a cikin bangon rajistar ajinsu, yadda duk malamin da ya karɓa zai gani. Katin kuma na karɓe shi da kaina, kullum kafin a tashi yana kawo mini ofis. Ya ɗauki kusan zango guda kafin ya dawo inda yake. Yanzu uban yana maganar ya cire shi ya miƙa shi ga mai gyaran inji gaba ɗaya. Mun yi da shi cewa ya bari ya gama aji shida, Asabar da Lahadi da hutu yana wurin inji. Ya ce to, amma irin "to" ɗin da ake yi wa hedimasta a ofishinsa.

Akwai abin da ban faɗa ba. Ranar da Malama ta cike takardar likita ta Mazari, ta zo ta same ni ta ce rabin tambayoyin, waɗanda ba su shafi motsi ba, kamar da wata yarinya aka rubuta su. Sai da ta kwatanta mini ita sau biyu kafin na gane wadda take nufi. Tana zama a layi na huɗu, hijabinta fes, ba ta taɓa shan bulala ba, ba ta kuma taɓa gama kwafi ba. In aka kira sunanta sai ta yi firgigit kamar an tashe ta daga barci. Irin wannan nau'i, na rashin tattara hankali ba tare da ƙiriniya ba, shi ne wanda aka fi tsallakewa, musamman a 'yan mata, domin ba ya damun kowa. An dawo da ita gaba, an ja mata layi a ƙarƙashin jimla ta biyu, ta ɗan motsa. Malama ta kwafi takardar da hannu ta cike mata, na je na sami mahaifinta a kan a fara duba ta a asibitin mazaɓa, ko don a tabbatar ba farfaɗiyar nan mai ɗif ba ce. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, yarinyar da ba ta da fitina me za a kai ta asibiti a ce?" Takardar tana cikin durowata, a ƙarƙashin kwalin alli.